Waiwaye Adon Tafiya: Mazauna Kurmi, Ku Biya Ta Zungeru

Daga Bosso, Minna

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Abekuta, da na Anaca da Inugu da Fatakwal: Maganar da na zo muku da ita yau ta wani ɗan gari ce da ke bakin kogin Kaduna a cikin Jihar Neja, watau Zungeru, wanda tsofaffinmu suke kira Dungurum. Roƙona gare ku guda ɗaya ne. In Allah ya kawo ku gida hutun Salla ko ganin dangi, ku ware yini guda ku biya ta garin nan, kuma ku tafi da 'ya'yanku. Zan kawo dalilaina, sa'an nan in amsa wa waɗanda za su ce wannan aikin marasa abin yi ne.

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin ƙasa daga tashar Iddo zuwa Kano ya ratsa Zungeru, ko yana farke ko yana barci. Jirgi kan bar Ilori, ya ƙetare kogin Kwara a Jebba, ya wuce Mokwa, ya ƙetare kogin Kaduna a Zungeru, kana ya shiga Minna. Goron Shagamu da ya haura Arewa, da shanun Arewa da suka gangara Kurmi a cikin wagunu, duk ta nan suka bi shekara da shekaru. Amma da wuya ka sami fasinjan da ya leƙo ta taga ya san cewa ɗan garin nan da jirgi ya tsaya a cikinsa shi ne hedkwatar Arewa kafin a san da Kaduna. Daga nan Bosso kuwa ba wata tafiya ba ce. Hanyar mota ta bi ta Maikunkele, inda filin jirgin saman Minna yake, ta ratsa Beji, kimanin kilomita 60 ke nan mutum ya isa.

YADDA YA ZAMA HEDKWATA

Ran 1 ga watan Janairu na 1900 Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya ce Arewa ta shiga hannun Sarauniya, alhali kuwa a lokacin bai mallaki Kano ko Katsina ko Sakkwato ba. Ya fara zama a Jebba. A cikin 1901 sojansa suka ci Kwantagora da Bida, hanya ta buɗe masa, sai ya ƙaura zuwa Zungeru a cikin 1902. Abin da ya ja shi wurin nan kogi ne. In ruwa ya cika, jiragen ruwa suna iya barin Kwara su hauro kogin Kaduna har zuwa Barijuko. Daga nan aka shimfiɗa wani ɗan siririn dogo mai tsawon kimanin mil 22, wanda ya haɗa Barijuko da Wushishi da Zungeru. Shi ne layin dogo na farko a duk faɗin Arewa, kuma kan jirgin da ya yi aiki a kansa an kawo shi tashar jirgin ƙasa ta Minna an ajiye don tarihi.

Lugga yana zaune a Zungeru aka shirya yaƙin da ya ƙarasa Daular Usmaniyya. Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu na 1903, Sakkwato ta bi baya ran 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru kuma ya yi shahada a Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara. Sarkin Kano Alu aka kama shi, ya ƙare kwanakinsa a Lakwaja, inda ya rasu a cikin 1926. Da mutanen Satiru suka yi tawaye a cikin 1906, Zungeru aka bugo wa waya, daga nan kuma aka ba da umarnin da ya sa aka shafe garin daga doron ƙasa.

Ban da yaƙi, a ofisoshin garin nan ne aka rubuta dokokin haraji da na kotunan alƙalai, a zamaninsa kuma aka kafa baitulmalin En'e. Dokar mallakar ƙasa ta 1910, wadda ta ce ƙasar Arewa duka tana ƙarƙashin kulawar Gwamna, daga nan ta fito. Ita ce uwar dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, wadda ita kuma aka yi koyi da ita wajen tsara dokar 1978 da ake aiki da ita a duk Nijeriya. Watau duk wanda ya taɓa bin layi yana neman takardar mallakar fili da sa hannun Gwamna, ko a Ikeja ko a Kano, yana bin sawun wata takarda ce da aka rubuta a Zungeru. A nan ne kuma aka gina gidan renon yaran da aka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi, bayan dokar 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne, ba bawa ba. Ranar da aka haɗe Kudu da Arewa aka yi Nijeriya guda, watau 1 ga Janairu na 1914, Zungeru ce hedkwatar Arewa.

To, amma duniya rawar 'yammata ce, na gaba ya koma baya. Turawa suka koka da zafin wurin da sauronsa, ga shi kuma layin dogo daga Baro ya isa Kano a cikin 1911, na Ikko ya zo ya haɗu da shi a Minna a cikin 1912, ba sauran bukatar zama kusa da jirgin ruwa. Tsakanin 1916 da 1917 aka kwashe ofisoshi da soja aka koma Kaduna. Ɗan siririn dogon nan tuni an tumɓuke shi an kai kayansa aikin layin Zariya zuwa Jos. Har wata gadar ƙarfe ta masu tafiya da ƙafa, wadda aka gina a cikin 1904, daga baya aka kwance ta aka kai Kaduna, tana can lambun Gamji ana zuwa kallonta da sunan gadar Lugga. Aka bar Zungeru da kufai.

GARIN BAƘI

Ga babban dalilin da ya sa nake magana da ku musamman, ku da kuke zaune a ƙasar wasu. Zungeru garin baƙi ne tun farkonsa. Gwarawa da Nufawa da Hausawa suna nan, amma da hedkwata ta zo sai ta zo da akawuna da masinjoji da kafintoci da ma'aikatan waya da na reluwe daga Ikko da Anaca, har daga Saliyo da Gwalkwas, ƙasar da ake kira Gana yanzu. Abin da ya kai ku Agege da Mile 12 shi ya kawo su bakin kogin Kaduna, watau neman abin sakawa a bakin salati.

A gidan ɗaya daga cikin akawunan nan, mutumin Anaca, aka haifi yaro ran 16 ga Nuwamba na 1904, aka raɗa masa suna Nnamdi Azikiwe. Yaron ya tashi da Hausa a bakinsa. Da ya kai shekara 8, uban ya ga ɗansa zai girma bai iya harshen iyayensa ba, sai ya tura shi Anaca wurin dangi. Malam mai karatu, ka ga bambanci tsakanin wannan uba da kai? Kai ma ka dubi ɗanka da aka haifa a Sabo ko a Idi-Araba, ka ji Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsa, ka sa shi a mota ka aika da shi Kano ko Sakkwato wurin kakarsa, ya koyi harshe da karatun allo. Damuwar ɗaya ce, hanyar ce kawai ta juya. Yaron nan na Zungeru shi ya zama Gwamna-Janar a cikin 1960, ya kuma zama Shugaban Ƙasa na farko a cikin 1963.

Bayan hedkwata ta tashi garin ya ci gaba da zama tashar jirgi, baƙi ba su daina zuwa ba. Ran 4 ga Nuwamba na 1933 aka haifi Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu a nan. Shi ne kwamandan bataliya ta 5 a Kano lokacin juyin mulkin Janairu na 1966, shi ne kuma ya yi shelar Biyafara ran 30 ga Mayu na 1967. Ku duba ikon Allah. Wanda ya fara zama a kujerar shugabancin ƙasar nan, da wanda ya ja daga don ya raba ta, duka biyun a gari ɗaya aka yanke musu cibiya, kuma garin a Arewa yake.

A daidai wannan zamani ne aka yanka Sabon Gari a Kano domin mutanen Kudu, a cikin 1913, aka kuma yanka unguwar Sabo a Badun domin Hausawa, a cikin 1916. Dogon da ya kai su can shi ya kawo mu nan. Saboda haka zaman baƙunci a ƙasar nan ba na wata ƙabila guda ba ne, kowa ya ɗanɗana.

Na san abin da kuka gani. Kun ga rikicin Shagamu a cikin 1999, da na Idi-Araba a cikin 2002, da na Mile 12 a cikin 2016, da na kasuwar Shasha a Badun a cikin 2021. Kun ji an ce muku ku tattara ku koma garinku, alhali wasunku kakanninsu ma a nan aka binne su. Gaskiya kuwa ita ce mu ma a Arewa an yi abin da bai kamata ba ga baƙinmu, tun daga 1966, har zuwa wa'adin da wasu matasa suka yanka wa Ibo a Kaduna a cikin 2017. Yaron da ya tashi a cikin irin wannan surutu yana bukatar ya ga hujja da idonsa. In ka tsayar da shi a Zungeru ka ce masa, nan aka haifi Zik, ubansa baƙo ne kamar yadda nake baƙo a Ikko, ka ba shi amsar da zai riƙe duk ranar da wani ya ce masa shi ba ɗan nan ba ne. Ka kuma ɗaure masa harshe duk ranar da ya so ya faɗa wa wani haka a Kano. Ka tambaye shi kuma, da a ce yau aka haifi Zik, da zai sami takardar shaidar zama ɗan asalin Ƙaramar Hukumar Wushishi? Tambayar da ke kan ɗan Bahaushen da aka haifa a Agege ke nan, ko da ba a faɗa ba. Gani ya kori ji.

ABIN DA YA RAGE

Kada in yaudare ku, wanda ya tafi da niyyar ganin fada mai ƙyalli zai komo da takaici. Abin da ya rage ginshiƙai ne da harsasai na ofisoshi da gidajen Turawa, da maƙabartarsu, da tashar jirgi, da gadar dogo a kan kogi. Damina ta zo ciyawa ta rufe, rani ya zo wutar daji ta bi ta kai, kowace shekara kuma wani abu ya ragu. A zamanin mulkin soja an fara gina wata cibiya da sunan Zik a garin, aikin ya tsaya shekara da shekaru. A cikin 2014 aka yi gagarumin bikin cikar ƙasar nan shekara 100 a Abuja, shugabannin ƙasashe suka zo suka ci suka sha, garin da ya riƙe rabin ƙasar a 1914 bai tashi da wani abin kirki ba.

Ba kuma rashin kuɗi ne ya hana ba, gama kuɗi sun zo bakin garin. A cikin 2013 aka fara gina madatsar ruwa ta Zungeru a kan kogin Kaduna, aka kammala a cikin 2023 a kan kimanin dala biliyan 1.3, mai iya ba da megawat 700. Ta zo ta tarar da ta Kainji da ta Jebba da ta Shiroro. Ruwan madatsar ya ci gonaki da ƙauyuka, wutar kuma tana shiga babban layin tarayya ne, inda ake rarraba ta har zuwa Ikko da Badun. In ka kunna fitila a shagonka da dare, ka sani kana iya kasancewa kana cin arziƙin kogin nan. Jihar da ta ba ƙasar nan wuta, ta kuma ba ta shugabanni biyu daga Minna, ba ta rasa abin da za ta kewaye tsohuwar hedkwata da shi ba.

YADDA FARANSAWA SUKE YI

Bari in ba ku misali daga ƙasar Faransa, domin irin wannan ƙaddara ta sami nasu garuruwan. Akwai wani kogi a kudu maso yammacin ƙasar ana kiransa Dordon. A dā manyan kwale-kwale masu shimfiɗaɗɗen gindi suna bin sa da katako da sauran kayan fatauci, ƙananan garuruwan da ke gaɓarsa suna ci da wannan. Da jirgin ƙasa ya zo a ƙarni na 19 sai fataucin ruwa ya mutu, samari suka watse birane. Ɗaya daga cikin garuruwan nan sunansa La Rok-Gajak, yana manne a gindin dutse a bakin ruwa, mutanensa ba su kai 500 ba. Yau an sassaƙa kwale-kwale irin na dā ana ɗaukar baƙi da su ana zagaya kogi, ana ba su labarin garin. Mai masauki ya samu, mai abinci ya samu, mai tuƙi ya samu, manomin da ke kawo ƙwai da kayan lambu shi ma ya samu.

Wannan bai faɗo daga sama ba. Ran 31 ga Disamba na 1913 Faransa ta kafa dokar kare gine-ginen tarihi, wadda ta hana ko mai gida ya rushe ko ya sauya ginin da aka yi wa rajista ba da izini ba. Ku lura da ranar, kwana ɗaya tak kafin a haɗe Nijeriya. A cikin 1982 kuma wani magajin gari na wani ɗan ƙauye ya tara 'yan'uwansa suka kafa ƙungiyar ƙauyukan Faransa mafiya kyau. Sharaɗin shiga shi ne kada mutanen garin su wuce 2,000, kuma ya zamana yana da aƙalla wurare biyu da doka ta kare. Yanzu ƙauyukan da ke ciki sun haura 170. Tun daga 1984 kuma sun ware ranaku a cikin watan Satumba na kowace shekara, ana buɗe tsofaffin gine-gine jama'a su shiga su gani. Ƙasar tana karɓar baƙi daga waje kimanin miliyan 100 a shekara, amma abin lura shi ne Bafaranshen da ke aiki a Paris shi ne yake fara cika garuruwan nan in hutu ya zo, da matarsa da 'ya'yansa. Baƙon waje sawun ɗan gida yake bi.

Ba sai an je Turai ba ma. Ku da ke Kurmi kun fi ni sanin yadda ake cika motoci da 'yan makaranta a kai su Badagiri su ga benen da aka gina a cikin 1845, da yadda mutanen Abekuta suka gyara dutsen Olumo, da yadda kurmin Oshun na Oshogbo ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a cikin 2005. Maƙwabtanmu na Nijar sun shigar da tsohon birnin Agadas a cikin 2013. Mu ma da muka riƙe bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a cikin 1934, ai duniya ta san da shi. Abin da mai shi ya riƙe da daraja shi wani ke sha'awa.

AMSA GA MASU JA

Wani zai ce, me ya haɗa mu da kufan Nasara? Mutanen da suka kashe Sarkin Musulmi, suka sa kakanninmu aikin tilas a kan dogo, su za mu je mu share wa kabari? Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma adana wuri daban, girmama mai wurin daban. Mutanen Badagiri sun ajiye sarƙoƙin da aka ɗaure kakanninsu da su, ba don suna ƙaunar masu cinikin bayi ba, sai don kada wani ya zo gobe ya ce ba a yi ba. Malamanmu kullum suna karantar da mu cewa an umarci mumini ya yi tafiya a bayan ƙasa ya dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Ina wa'azin da ya fi mutum ya tsaya a inda Gwamna Lugga yake zama yana naɗa sarakuna yana tuɓe su, ya ga awaki suna kiwo a wurin? Mai mulkin yau ma ya kamata a kai shi ya gani. Bugu da ƙari, tubalin nan da duwatsun nan ba Bature ne ya ɗauko su a ka ba. Gumin Gwarawa da Nufawa da Hausawa ne, in ya lalace namu ne ya lalace.

Wani kuma zai ce, hanyar ba lafiya. Wannan ma gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. A cikin 2021 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai a Kagara, suka kuma kwashe yaran Islamiyya a Tegina, a cikin watan Agusta na 2023 kuma an yi wa soja kwanton ɓauna a hanyar Zungeru zuwa Tegina. Ba na ce wa kowa ya jefa iyalinsa cikin halaka. Wanda zai je ya biyo ta Minna, ya tambayi direbobi a tasha halin da hanya take ciki a ranar, ya tafi da hantsi ya komo kafin la'asar sakaliya, in an ce masa a dakata ya dakata. Amma mu tuna mutane suna zaune a garin, ɗalibai suna karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da ke can, mata suna kai kaya kasuwa. In muka ɗauke ƙafa gaba ɗaya daga kowane garin da aka taɓa jin harbi kusa da shi, mun ba ɓarayin daji abin da suke nema ke nan. Hanyar da jama'a ke bi ita hukuma ke jin kunyar bari.

Na uku zai ce, ni da ke fama da kuɗin haya da na makaranta, ina na ga kuɗin yawon buɗe ido? To, kuɗin mota daga Minna zuwa Zungeru da komowa bai kai na takalmin Sallar yaro ɗaya ba. Takalmi kuwa kafin wata Salla ya tsinke.

ABIN YI

Ga wanda ya yi niyya, lokacin hunturu ya fi, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, ciyawa ta kwanta, zafi bai sauko ba. Ya fara da tashar jirgin ƙasa ta Minna ya nuna wa yara kan jirgin nan na farko. In ya isa Zungeru kada ya faɗa wa kufai kai tsaye kamar wanda ba shi da tarbiyya. Ya je ya yi gaisuwa wurin masu gari, ya roƙi a haɗa shi da dattijon da ya san wuraren, in an gama ya sallame shi da abin kirki, gama saninsa shi ne jarinsa. Ya ci kifin garin, ya sayi tsaraba a kasuwarsu, kada ya zo da komai a cikin kula ya tafi bai bar ko kwabo ba. Kada ya ɗauki dutse ko ƙarfe, kada ya bar yara su rubuta sunansu a bango. In zai shiga kwale-kwale ya nemi rigar ruwa, domin haɗarin jirgin ruwa ya ci mutane da yawa a jihar nan.

Ga shugabanninmu na Kurmi kuma, ranku ya daɗe Sarakunan Hausawa na Agege da Badun da Shagamu da sauran wurare, da shugabannin 'yan goro da 'yan shanu da 'yan gwari da direbobi, ina roƙonku da girman Allah. Kuna tara kuɗi a gina masallaci, kuna tarawa a kai gawa gida, Allah ya saka muku. Ku ƙara da wannan. Makarantun Islamiyya da ke ƙarƙashinku su riƙa shirya wa manyan ɗalibai tafiya sau ɗaya a shekara in hanya ta yi kyau, kamar yadda makarantun maƙwabtanku suke zuwa Badagiri. In da hali ku gayyaci shugabannin Ibo da na Yarbawa na unguwanninku a tafi tare, domin su ma garinsu ne. Motar da ta ɗauko Bahaushe da Ibo da Bayarabe zuwa mahaifar Zik ta fi taron sulhu goma da ake kira bayan an ƙone kasuwa.

Ga hukuma kuwa, abin da ake nema bai taka kara ya karya ba. Hukumar kula da gidajen tarihi ta tarayya, wadda aka kafa a cikin 1979, da Gwamnatin Jihar Neja, da hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki da ke da hedkwata a Minna, su haɗa hannu su kewaye wuraren, a share, a kafa alluna da Hausa da Turanci masu bayanin abin da ya faru a kowane wuri, har da aikin tilas da labarin Satiru, kada a rage komai. A ɗauki samarin garin a koya musu jagorancin baƙi. Malaman Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Bosso, wadda aka kafa a cikin 1983, suna da ɗaliban zanen gini da na safiyo, a tura su su auna abin da ya rage su zana taswirarsa tun kafin ya ƙare. A kuma zauna da tsofaffin garin a ɗauki maganarsu, domin kowace shekara ana rasa wasu.

Amma fa kada mu zauna jiran hukuma. Ɗan siyasa ƙirga kawuna yake yi. In ya ga motoci daga Ikko da Badun suna tsayawa a Zungeru kowace Salla, da kansa zai zo da kwangilar katanga. In bai ga kowa ba, ciyawa ce za ta ci gaba da gadi. Wanda ya je ya gani ya rubuto wa wannan fili abin da ya tarar, domin na baya su ƙaru.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowane matafiyi ga iyalinsa.